Yadda Ake Auna Ingancin Zaman Bita a Makarantun Koyon Aikin Jinya

A makarantunmu na koyon aikin jinya da ungozomanci, abin da aka fi dubawa a lokacin atisaye shi ne hannun ɗaliba: ta wanke hannu kafin ta taɓa maras lafiya, ta ɗaura abin awon jini daidai, ta bi matakai ɗaya bayan ɗaya. Wannan yana da takardarsa da makinsa, kuma tun da Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozomanci ta Najeriya ta shigar da jarrabawar OSCE, wadda ake gwada ƙwarewar ɗaliba a aikace da ita, cikin tsarinta, an ƙara mayar da hankali a kansa. Amma mintunan da ke biyo bayan atisaye, lokacin da malama ke zama da ɗalibai a waiwayi abin da ya faru, ba kasafai wani ke leƙawa ya ga yadda ake yin su ba. Kowace malama tana yi ne yadda aka yi mata a zamaninta. Wata ta yi faɗa, wata ta sake karanto lacca, wata ta ce “kun yi ƙoƙari” a watse.

Alhali a wannan zaman ne ilimi ke kama jiki. Binciken da majalisar hukumomin jinya ta jihohin Amurka ta fitar a 2014 ya nuna ana iya maye gurbin har rabin sa'o'in zuwa asibiti da atisaye ba tare da ɗalibai sun gaza ba, amma da sharaɗi: malamai su kasance masu horo, zaman bita kuma ya zama mai tsari. Idan bitar ta lalace, mutum-mutumin roba komai tsadarsa bai koyar da kowa komai ba.

Wannan jagora na shugabannin sassa ne, da malaman da aka ɗora wa duba aikin 'yan uwansu, da duk malamar da ke son ta auna kanta. Tambayar da nake ganin duk ma'auni ya kamata ya amsa guda ɗaya ce: tunanin da ya sa ɗaliba ta yi abin da ta yi, ya fito fili? An juya shi, an gyara, ta tashi da wanda ya fi shi? Daɗin zaman da iya zancen malama duk suna bayan wannan.

Zan riƙa komawa ga misali guda domin magana ta tsaya a ƙasa: atisayen zubar jini bayan haihuwa, irin wanda ake yi da MamaNatalie, jakar da malama ke ɗaurawa a jikinta ta zama mai haihuwa, tare da ledar awo, wato leda mai layi da ake tara jinin da ya zuba a cikinta don a san adadinsa.

Mataki na farko: ku faɗa wa malamar abin da kuka zo yi

Kada ku faɗo mata zama ba sanarwa da takarda a hannu. Ku same ta kwana biyu ko uku kafin ranar, ku nuna mata takardar da za ku cike, ku tambaye ta manufar atisayen. Manufa biyu ko uku sun isa. A misalinmu za su iya zama: gane zubar jini da wuri, kiran taimako, da fara magani a tare ba tare da jira ba. Ku rubuta su, domin da su za ku auna ko bitar ta taɓa inda ya dace.

Ku kuma yi yarjejeniya a fili cewa makin ba zai shiga fayil ɗin ƙarin girma ba, aƙalla a shekarar farko. Malamar da ke tsoron maki za ta shirya muku wasan kwaikwayo ne da ɗaliban da ta fi yarda da su, ku tashi ba ku ga aikinta na kullum ba.

Mataki na biyu: ku zaɓi ma'auni guda, ku koyi amfani da shi

Ba sai kun ƙirƙiro sabo ba. Akwai guda biyu da aka daɗe ana aiki da su.

Na farko shi ne DASH, wanda cibiyar horar da ma'aikatan lafiya ta hanyar atisaye da ke Boston ta tsara. Yana duba abubuwa 6: yadda aka share fage tun farko, yadda aka riƙe yanayin da ɗalibi zai sake ya yi magana, tsarin zaman, tayar da tattaunawa mai ma'ana, gano giɓin da ke tsakanin abin da aka yi da abin da ya kamata a yi, sai taimaka wa ɗalibi ya gyara ko ya riƙe abin da ya yi daidai. Kowanne ana ba shi maki daga 1 zuwa 7. Yana da takarda iri uku: ta mai sa ido, ta malama ta auna kanta, da ta ɗalibai.

Na biyu shi ne OSAD, daga Kwalejin Imperial ta Landan, wanda aka wallafa a 2012. Shi abubuwa 8 yake dubawa, maki daga 1 zuwa 5, jimilla daga 8 zuwa 40. Abin da na fi so game da shi shi ne ya rarraba tsakiyar zaman: jin yadda ɗalibi ya ji a ransa daban, bayyana abin da ya faru daban, nazarin dalili daban, gano matsala daban, yadda za a yi amfani da darasin a gaba daban. Ga makarantar da ke farawa, na fi karkata ga OSAD, domin yana nuna wa malama daidai gaɓar da take tsallakewa. DASH ya fi kyau a hannun wanda ya samu horo a kansa.

Ko wanne kuka ɗauka, kada mutum ɗaya ya fara ba da maki shi kaɗai. Ku ɗauki zama biyu ko uku a waya, da izinin malama da ɗalibai. Mutum biyu su kalla, kowa ya ba da makinsa ba tare da ya leƙa na ɗan'uwansa ba, sannan a kwatanta. Duk inda tazara ta wuce maki ɗaya, a koma kan hoton a nuna wa juna abin da aka gani. Sai kun fara haɗuwa a kusa sannan makinku ya zama abin dogaro. Wannan horon yana cin yini guda, kuma shi ne wanda aka fi tsallakewa.

Mataki na uku: ku shiga tun kafin a fara atisaye

Rabin ingancin bita ana yanke shi ne tun ba a taɓa mutum-mutumi ba. Ku saurari abin da malama ta faɗa a buɗewa. Ta gaya musu cewa wannan koyo ne, ba jarrabawa ba? Ta ce kuskure a nan ba ya fita daga ɗakin nan? Ta nuna musu kayan aiki, da abin da jakar za ta iya kwaikwaya da wanda ba za ta iya ba? Ta gaya musu za a zauna bayan an gama, kuma kowa zai yi magana?

Ɗalibar da ta shiga tana zaton ana ƙirga mata maki, a zaman bita ba za ta yi komai ba sai kare kanta. Idan kun ga haka ta faru, laifin yana nan tun buɗewa, a nan za ku rubuta shi.

Mataki na huɗu: ku rubuta abin da aka faɗa, ba abin da kuka ji a ranku ba

Ku zauna a gefe inda kuke ganin fuskokin ɗalibai, kada ku sa baki. Ku ajiye takardar maki tukuna. Ku ɗauki farar takarda ku raba ta gida uku: lokaci, maganar malama, maganar ɗalibai. Ku rubuta tambayoyin malama da kalmominta, gwargwadon yadda hannu zai iya. “Ta yi tambaya mai kyau” ba shaida ba ce. “10:42, ta ce: me kika gani a ledar awo kafin ki juya?” ita ce shaida.

Akwai abubuwan da ake ƙirgawa cikin sauƙi, kuma sukan ba malama mamaki idan ta gani.

Wa ya fi magana? Duk bayan minti ɗaya ku ɗaga kai ku yi alama: malama ce ke magana ko ɗaliba. Idan zama na minti 20 ya ƙare da alamomi 16 a ɓangaren malama, lacca aka yi.

Mutum nawa suka buɗe baki? Ku zana yadda aka zauna, ku ɗiga wa duk wadda ta yi magana. Sau da yawa za ku tarar ɗigon ya taru kan mutum biyu ko uku na gaba, kuma wadda ta riƙe mai haihuwar, wadda zaman ya fi shafa, ba ta da ko ɗaya.

Daƙiƙa nawa malama ke jira bayan ta yi tambaya? Mary Budd Rowe, wata mai binciken koyarwa a Amurka, ta gano tun shekarun 1970 cewa malamai kan jira kusan daƙiƙa ɗaya kacal kafin su amsa wa kansu ko su wuce, kuma idan aka tsawaita jiran zuwa daƙiƙa 3 ko fiye, amsoshin ɗalibai na ƙara tsawo da zurfi, waɗanda ba sa magana ma su fara. Ku ƙirga a zuci. Tambayar da ke neman mutum ya tono dalilinsa tana bukatar jira fiye da haka.

Sannan tsawon zaman kansa. Atisayen minti 10 da aka bi shi da bitar minti 4 bai samu haƙƙinsa ba. Ni a ganina bita ba ta kamata ta gaza tsawon atisayen ba, kuma ga al'amari mai nauyi irin zubar jini ninki biyu ya fi dacewa.

Ku kuma lura da tafiyar zaman. Ko malama na bin ɗaya daga cikin sanannun tsare-tsaren bita, kamar zagayen Gibbs na 1988 mai hawa shida ko tsarin PEARLS na 2015, ko wani daban, ƙashin bayansu ɗaya ne: a bari ɗalibi ya sauke abin da ke ransa, a daidaita kan abin da ya faru, a tono dalili, a fitar da abin da za a ɗauka. Ba sunan tsarin kuke nema ba. Kuna duba ko an ratsa waɗannan wurare, da inda aka daɗe. Galibin zaman da na sani suna maƙalewa a “me ya faru”, a yi ta labari har lokaci ya ƙare.

Mataki na biyar: ku bi sawun tunanin ɗaliba

Nan ne gizo ke saƙar, don haka zan daɗe.

A ce a atisayen, jini ya wuce layin mililita 500 a ledar awo, ɗaliba ta ci gaba da murza mahaifa ita kaɗai, sai bayan kusan minti 3 ta kira taimako. Kowa a ɗakin ya ga jinkirin. Abin da za ku auna shi ne yadda malama ta tunkare shi, kuma hanyoyin da za ku gani ba su wuce uku ba.

Ta farko ita ce hukunci: “Me ya hana ki kiran Sista? Ba a koya muku ba ne?” Maganar gaskiya ce, amma ɗaliba za ta sunkuyar da kai ta ce “Yi haƙuri, Malama.” An rufe ƙofa.

Ta biyu ita ce ɓoye abin da ke rai: “To, yaya kuke ganin aikin ya tafi? Akwai abin da za a iya gyarawa?” Wannan tana kama da kirki, kuma masu sa ido da yawa na ba ta babban maki. Kada ku ruɗu. Malama ta san abin da take so a faɗa, ɗalibai sun san ta sani, sai zaman ya koma canke-canke, kowa na laluben amsar da ke cikin kan malama. Ɗaliba ba tunaninta take dubawa ba, fuskar malama take karantawa.

Ta uku ita ce wadda Jenny Rudolph, wata mai binciken horar da ma'aikatan lafiya a Amurka, da abokan aikinta suka bayyana a 2006: malama ta faɗi abin da ta gani, ta faɗi ra'ayinta a fili, sannan ta tambaya da niyyar ji. “Na lura jini ya wuce layin 500, an kai kusan minti 3 kafin ki kira. Hankalina ya tashi, domin a irin wannan zubar mace na iya sulalewa cikin ɗan lokaci. Ina so in fahimta, me ke ranki a lokacin?”

Yanzu ku kasa kunne ga amsar, domin ita ce abin da kuka zo nema. Ɗaliba ɗaya za ta ce, “Malama, na ɗauka sai ya kai 1,000 ake kira.” Wata ta ce, “Ina kan murza mahaifa, ban kalli ledar ba sam.” Wata kuma ta yi shiru, sannan ta ce, “Na gani, Malama. Na ji tsoro ne kada in kira Sista ta zo ta ce na cika zaƙewa.”

Aiki ɗaya, dalilai uku, kuma maganinsu bai haɗu ba ko kaɗan. Ta farko ilimi ne ya gaza, jimla biyu sun gyara ta. Ta biyu rabon hankali ne, tana bukatar ta saba ɗaga ido tana faɗin adadin da ƙarfi yayin da hannunta ke aiki. Ta uku ta san komai, abin da ya ɗaure ta tsoron na gaba ne, kuma ko an maimaita mata ma'anar zubar jini sau goma, ranar da ta tsaya a ɗakin haihuwa na gaske za ta sake yin shiru. Ita sai an zauna an gwada kalmomin da za ta yi kira da su, an kuma tabbatar mata cewa kiran da bai zama dole ba ya fi jinkirin da ya ci rai. Ruwa ba ya tsami banza, kuma malamar da ba ta tono dalilin ba, duk gyaran da ta bayar harbi ne a duhu.

Saboda haka a takardarku, ga kowace manufa da kuka rubuta a mataki na farko, ku amsa waɗannan: an ambaci abin da ya faru takamaimai? Ɗaliba ta faɗi dalilinta da bakinta? Gyaran da aka bayar ya dace da wannan dalilin, ko gyara ne na gama-gari? Ɗaliba ta faɗi abin da za ta yi daban, da kalmomin da za a iya gani a aikace? “Zan ƙara kula” ba ya cikin lissafi. “Da na ga ya kusa layin zan faɗa da ƙarfi in tura a kira Sista” shi ne.

Wani abu da ake mantawa: abin da aka yi daidai shi ma yana bukatar tono. Ɗalibar da ta duba ƙarfin mahaifa a kan lokaci, ta yiwu ta san dalili, ta yiwu kuma ta ga wata ta yi ne. Malama mai kyau takan tambaye ta ita ma.

Ku kuma duba sahihancin abin da ake koyarwa, domin takardun maki ba su cika kama wannan ba. Zama na iya tafiya sumul, a ƙarshe a koyar da abin da ya tsufa. Gwajin E-MOTIVE da aka wallafa a 2023, wanda aka yi a asibitoci 80 na Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, kuma Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ta jagoranci ɓangaren Najeriya, ya nuna cewa auna jini da leda mai layi tare da ba da magunguna a dunƙule, wato murza mahaifa, allurar oksitosin, allurar tiraneksamik, ƙarin ruwa, duba hanyar haihuwa da kiran na gaba, ya rage mummunan sakamakon zubar jini da kusan kashi 60 cikin 100. Idan malama na koyar da cewa a gwada ɗaya a jira a gani kafin a yi na gaba, ku rubuta shi daban, komai kyan salonta.

Shiru, kunya, da “Eh, Ma”

Waɗannan ma'aunai an tsara su ne a wuraren da ɗalibi ke iya ce wa malaminsa “ban yarda ba” ba tare da an ga rashin tarbiyya ba. Mu kuwa mun tashi a kan cewa yaro ba ya musu da babba, ba ya kallon idonsa, kuma wannan tarbiyya abin riƙewa ce. Sai dai tana iya yaudarar mai sa ido ta fuska biyu. Yana iya ganin ɗalibai sun yi tsit suna gyaɗa kai ya rubuta “an fahimta”. Ko kuma ya ga ba wanda ya yi jayayya ya rage wa malama maki, alhali ta yi iya yinta.

Abin da za ku duba shi ne dabarar da malama ta yi don buɗe hanya cikin ladabin da aka saba. Ta zauna a kujera daidai da su, ko tana tsaye a kansu? Ta bar su su tattauna bibbiyu na minti ɗaya kafin su faɗa a gaban kowa? Ta ce “me mutum zai iya tunani a irin wannan hali?” don ta sauƙaƙa wa wadda kunya ta hana ta cewa “ni”? Idan aji ya haɗa maza da mata, muryar wa ta fi fitowa? Idan wata ta yi kuskure aka yi dariya, me malama ta yi a daƙiƙar?

Sai harshe. Karatu da Turanci ake yi, jarrabawa ma haka, amma tsoro da ruɗewa ba kowa ke iya bayyana su da Turancin aji ba. Za ku ga ɗaliba ta ba da amsar littafi da Turanci, da aka juya Hausa sai ainihin dalilin ya fito. A ajin da kowa ke jin Hausa, malamar da ta bar wannan ƙofa a buɗe ta cancanci a yaba mata. A ajin da ke da waɗanda ba sa ji, ku duba ko ta mayar musu da abin da aka faɗa.

Yawan ɗalibai ma gaskiya ce da ba za a kauce mata ba. Idan mutum huɗu ke aiki sauran aji na kallo, ku duba ko an ba masu kallo aikin yi tun farko: wannan layi ya lura da lokaci, wancan ya lura da yadda ake magana da mai haihuwa. Ku kuma lura kada zaman ya zama taron dangi a kan mutum huɗun.

Mataki na shida: maki

Sai an watse sannan ku ɗauko takardar maki, ku cike ta nan take kafin ku yi magana da kowa. Kowane maki ku rubuta shaidarsa a gefe daga farar takardarku, aƙalla jimla ɗaya da aka faɗa. Makin da ba shi da shaida ku goge shi. Ku yi hattara da malama mai fara'a da iya magana, domin hannu kan zame ya ba ta 5 a ko'ina. Ku yi hattara kuma da jimilla: 30 cikin 40 na iya ɓoye 1 a nazarin dalili, wanda shi ne zuciyar aikin. Zama guda kuma ba ya wakiltar malama, sai kun ga uku a kan darussa mabambanta kafin ku ce ga halinta.

Mataki na bakwai: ku ji ta bakin ɗalibai, amma ku san me kuke tambaya

Idan kuka tambayi ɗalibai ko sun ji daɗin zaman, kusan kowa zai ce ya ji, musamman idan malamar ce za ta karɓi takardun. Ku raba ƙananan takardu ba suna, wani daban ya tattara. Tambaya uku sun wadatar: wane abu kike tunani kafin zaman nan wanda yanzu kika canja? Me za ki yi daban idan kika haɗu da irin wannan a asibiti? Akwai abin da kika so ki faɗa amma kika fasa, me ya hana ki?

Ku ɗora amsoshin biyun farko kan manufofin da malama ta ba ku. Idan manufa kiran taimako ce amma galibi sun rubuta “a riƙa sa safar hannu”, saƙon bai isa ba. Tambaya ta uku kuwa ita ce za ta gaya muku abin da idonku bai gani ba.

Mataki na takwas: ku dawo bayan makonni

Bayan mako 4 zuwa 6, ku maimaita atisayen da ɗan sauyi, ba tare da sanarwa mai tsawo ba. A wannan karon mahaifa ta yi ƙarfi amma jini na zuba, ko a sa wata malama ta fito a matsayin Sista mai tsare gida. Ku auna abu ɗaya da agogo: daga lokacin da jini ya kai layi zuwa lokacin da aka yi kira. Ku kuma tambayi masu kula da ɗalibai a ɗakin haihuwa abin da suke gani. Wannan ba zai tabbatar da cewa bitar ce kaɗai ta kawo sauyi ba, domin ɗalibai na koyo ta hanyoyi da yawa, amma idan kuskuren nan ya dawo yadda yake a aji bayan aji, ku koma ku sake duba zaman.

Bitar da ake yi bayan aikin asibiti na gaske

Duk abin da ya gabata yana aiki a nan, da ƙari biyu. Ba a ɗaukar murya ko hoto, ba a ambatar sunan maras lafiya, kuma ba a yin zaman a baranda inda 'yan jinya ke ji. Sannan idan ɗaliba ta ga rasuwa a karon farko, ko jariri ya zo ba rai a hannunta, ranar ba ranar tono dalili ba ce. Malamar da ta gane haka, ta zauna da ita, ta yi mata ta'aziyya, ta ɗage nazari zuwa wani yini, ta yi daidai ko da takardar maki ta nuna an tsallake gaɓoɓi. Ku rubuta dalilin a gefe.

Mataki na tara: zama da malamar

Ku yi shi cikin kwana biyu, ku biyu kaɗai, kuma ku yi mata irin bitar da kuke so ta yi wa ɗalibai. Ku fara da ba ta takardar ta auna kanta, sannan ku kwatanta, domin inda makinta da naku suka saɓa nan ne zance yake. Ku zaɓi abu ɗaya, ko biyu idan ya kama. “Malama, na lura da ɗalibar ta ce ta ji tsoron Sista, kin koma kan adadin jini. Ni na ga kamar a nan matsalarta take. Me kika hango a lokacin?” Ta yiwu ta ce lokaci ne ya ƙure, ko ba ta so ta taɓa mutuncin ma'aikatan asibitin da ke karɓar ɗalibanta, ko ba ta ji maganar ba. Kowanne da irin taimakon da yake bukata, kuma na biyun ba nata ba ne ita kaɗai, magana ce da shugaban makaranta zai kai wa asibiti.

Idan malamar ta girme ku a shekaru ko a aiki, ku nemi ita ma ta zo ta zauna a naku zaman da takarda iri ɗaya. Ku tsayar da ranar da za ku sake zuwa, ku rubuta abu ɗayan da aka amince za a gwada.

A ƙarshen zango, shugaban sashe ya tattara takardun duka, ya cire sunaye, ya duba gaɓar da makinta ya fi ƙasa a tsakanin malamai. Idan ta zama guda ce a wurin kowa, a shirya horon yini ɗaya a kanta kafin sabon zango. Idan kuma takardun sun nuna zaman bita na ƙarewa cikin minti 5 saboda wani aji na jiran ɗakin, jadawalin za a gyara, a ware wa bita lokacinta a rubuce kamar yadda aka ware wa atisayen.